Shanyar Kuɓewa a Motar Malam Iliyasu

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Malam Iliyasu a Pleasant Garden ya san motar nan, domin ita ke fara yi maka sannu da zuwa kafin masu gidan. Tana nan girke a tsakiyar fili, ƙofa biyu, dogon hanci, ga faɗi, irin motocin Amurka na shekarun saba'in masu ƙaton inji, waɗanda in an tashe su sai ka ji ƙarar har cikin haƙarƙarinka. Haka dai aka ce. Ita kam wannan, tun ranar da janwe ya sauke ta babu mahaluƙin da ya ji ko tarinta. Asalin fentinta ja ne, amma tsatsa ta ci ta har ba ka gane inda jan ya tsaya. Tayoyin sun zauna daɓas, ciyawa ta yi musu zobe.

Malam Iliyasu yana ce mata Giwa. Matarsa Rakiya kuwa ba ta taɓa kiran ta da wani suna ba sai "akwalar nan".

Daga Ohio ya sayo ta, shekaru da dama da suka wuce, kuma sayen mutumin Kano ya yi mata sak. Ya buɗe bonet ya leƙa inji, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ji amon ƙarfe, ya zauna ya riƙe sitiyari yana murmushi shi kaɗai, ya ce shi ke nan, an gama ciniki. A wurinmu ai mota ta inji take mutuwa. Jiki kuwa ko tirela ce ta bi ta kansa, ka kai wa masu bugun bodi a Ƙofar Ruwa, su buga, su cike da fila, su fesa fenti, ta fito kamar amarya. Bawan Allahn nan ko sau ɗaya bai tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta ba.

A shekarun farko Rakiya ba ta raga masa ba ko kaɗan. Safe mita, yamma mita.

"Baban Afnan, don girman Allah yaushe za a kwashe mana wannan bolar? Baƙi su zo, abin da za su fara gani ke nan?"

"Ki bari in samu lokaci," yake cewa. "Ranar da Giwa ta tashi, ke ce za ki fara shiga gaba."

"Allah ya tsare ni. Ni da zanena mai tsada?"

Lokacin bai samu ba. Aikinsa a wani kamfanin rarraba magunguna ne can cikin Greensboro, har ranar Asabar yana fita, ya dawo a gajiye liƙis. Iyakar abin da yake yi wa Giwa shi ne ya shafa mata bonet in zai wuce.

To, ga abin da Malam Iliyasu bai sani ba.

Rakiya 'yar Zariya ce, 'yar gidan yawa a Tudun Wada, inda ba ka gama wanke fuska ba an riga an yi maka sallama. Sai ga ta a Pleasant Garden, garin da maƙwabcinka yake can nesa, ka ɗaga masa hannu ya ɗaga maka, an gama zumuncin ranar. Babu bas, babu ɗan acaɓa, ita kuma ba ta tuƙi. Ta taɓa gwada koyo, ranar da aka kai ta bakin babban titi ta ga yadda manyan motoci ke sheƙa gudu, ta taka birki ta ce a maishe ta gida tun da sauran numfashinta. Da 'yarsu Afnan ta tafi jami'a a Charlotte, gidan ya yi mata tsit. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, har wata rana ta tsinci kanta tana yi wa firji magana.

Lambu ne ya ɗan riƙe ta. Ƙasar wurin ba ta da rowa: kuɓewa, yakuwa, tattasai, barkono, duk abin da ta jefa sai ya fito ya yi mata yawa. Shanya ce ta gagara. Iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce, ka yanka kuɓewa ka baza a tabarma cikin rana tsaka, gobe ka tarar ta yi yauƙi, jibi funfuna ta rufe ta. Ta gwada oban ɗin gashi na kicin, kuɓewar ta fito da ɗanɗanon ƙauri. Ta haƙura tana jiran mai zuwa daga gida ya taho mata da ɗan ƙulli.

Wata rana hadari ya taso mata ba zato, ga faifayin kuɓewarta a waje. Gida ya yi nisa, akwala ce kusa. Ta fizgi ƙofar, ta cusa faifayin a kan kujerar baya da bayan gilashi, ta ruga ciki. Ta manta da su shaf. Sai bayan kwana biyu ta tuna, ta fito tana salati, ta buɗe ƙofar, wani zafi ya buge ta a fuska kamar ta leƙa gidan burodi. Kuɓewa ta bushe ƙayau, koriya shar, tana ƙaras-ƙaras a hannu. Rakiya ta dubi motar nan tun daga hanci har wutsiya, ta ce, "Ashe kina da rana."

Miyar farko da ta kaɗa da ita, gidan suna ta kai a cikin gari. Hajiya Tchima, wata dattijuwa 'yar Damagaram mai sayar da atamfa, ta kai loma ɗaya ta ajiye cokali.

"Wa ya zo daga gida ba a gaya mini ba?"

"Babu kowa, Hajiya. A nan na shanya."

"A nan ina? Ke yarinya, kar ki maishe ni ƙaramar mutum."

Asabar ɗin da ta biyo Hajiya Tchima ta iso da buhun tattasai. Asabar ta bayanta ta taho da Roseline, mutuniyar Kafanchan mai aikin jinya, wadda ta zo da ganyen shuwaka cike da but ɗin motarta. Kafin bazara ta yi nisa, abin ya zama ƙa'ida. Malam na fita, motoci na shigowa. A shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya, a yi ta yanka ana bazawa, a jera faifayi a cikin Giwa tun daga gaban gilashi har kujerar baya, a ɗan sassauta taga don tururi ya fita. Sai hira. A yi ta gida, a yi ta 'ya'yan zamani masu amsa Hausa da Turanci, a yi ta wadda ba ta zo ba. Rakiya ta dama kunun gyaɗa, ta haɗa zoɓo mai sanyi. Kafin la'asar sakaliya an kwashe na makon jiya, an lulluɓe na yau da tsohon zane, kowa ta kama gabanta. Tun daga ranar Laraba Rakiya take fara jin daɗin Asabar.

Mita kuwa ta daina ɗif. Shi Malam bai ko lura ba. Maza ke nan.

Sai ranar nan suna cin tuwo, ya suɗe hannu, ya gyara zama ya ce, "Maman Afnan, albishirinki. Kin yi nasara."

"Nasarar me?"

"Giwa. Na gaji da ganin ta haka, shekaru suna tafiya. Na ɗauki hutu ranar Asabar, Sylvanus bakanike zai zo ya duba ta ciki da bai. In ta gyaru, garejinsa za ta koma, ko shekara nawa za ta yi a can. In ba ta gyaru ba, a sayar wa masu neman kayan gyara. Ko ta wace hanya dai, filinki ya dawo hannunki."

Rakiya ta sauke lomar da ta ɗauko. Ko ta wace hanya! In an gyara ta tafi, in ba a gyara ba ta tafi. In kuwa ta tafi, me zai sa mace mai aiki da 'ya'ya ta ƙona mai ta taho har Pleasant Garden? Kuma da wane baki za ta ce a bar akwala, ita da ta shekara da shekaru tana ce mata bola?

"Ai ba sauri ake ba," ta ce a hankali.

Ya dube ta. "Ke ce kuwa?"

"Ina nufin, kar ka takura wa kanka."

"Ba takura. Na yanke."

Washegari yana fita ta kira Roseline, domin Sylvanus ɗin mijinta ne, bakanike mai gareji a McLeansville.

"Maman Eric, asirinmu zai tonu, kuma motar za ta tafi. Ki taimake ni ki yi wa maigidanki magana. Kar ya ce ta gyaru, kar ya ce ba ta gyaru ba. Ya ce a dai ƙara ba ta lokaci."

Roseline ta yi dariya har da tari. "Maman Afnan, kin san mutumin nan kuwa? In ya shiga ƙarƙashin mota ko fasto bai isa ya sa shi ya canza magana ba. Zan dai gwada."

Rakiya ta kwashe komai daga motar, ta share, ta goge, ta bar ƙofofi a buɗe yini guda. Ta aika wa sauran matan cewa wannan makon babu zama.

Ranar Asabar da hantsi Sylvanus ya iso da jak da fitila, Roseline na biye da shi tana yi wa Rakiya alama da ido cewa ba a dace ba. Malam Iliyasu har da sabuwar hula. Ya zagaya da baƙonsa yana ta bayani, sannan ya buɗe ƙofar direba da alfahari, ya faɗa kan kujera da ƙarfinsa.

Kujerar nan ta sha barkono bazara guda. Abin da ya shige cikin soso, tsintsiya ba ta isa ta fitar da shi ba. Wata 'yar ƙura ja ta tashi, Malam ya yi atishawa. Ya sake. Ya sake, har hular ta faɗo. Sylvanus ya leƙa don ya taimaka, shi ma ya kama. Suka fito suna hawaye suna dafa juna.

"Malam Iliya," in ji Sylvanus yana share ido, "na shekara talatin ina buɗe tsofaffin motoci. Na ga ɓera, na ga maciji, na ga gidan zuma. Ban taɓa ganin wadda take warin yaji ba."

Ya zura hannu a tsakanin kujeru, ya zaro wani abu ya ɗaga. Busasshiyar kuɓewa ce, yanka mai kyau.

Malam Iliyasu ya juya a hankali ya dubi matarsa. Rakiya ta dubi Roseline. Roseline ta dubi sama.

"Maman Afnan."

"Na'am."

"Miyar nan da nake ta santi, ina cewa hannunki ya ƙara albarka..."

"Daga cikinta ne," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Giwar tawa? Kuka maishe ta rumbu?"

"Ai ba ni kaɗai ba ce," in ji Rakiya, ta nuna Roseline ba kunya.

Sylvanus ya zauna a ciyawa yana dariya har yana buga ƙasa. Malam ya so ya yi fushi, ya haɗe rai, atishawa ta sake ƙwace masa, dole shi ma ya dara.

Dariyar ba ta daɗe ba. Sylvanus ya ɗaga motar da jak, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da fitila da sukundireba. Suna jin sa yana ƙwanƙwasawa. Da farko amon ƙarfe, daga nan sai wani sauti kamar ana taka busasshen ganye, garin tsatsa yana zubowa. Can sai ga bakin sukundireba ya ɓullo ta cikin motar, daidai inda direba ke ajiye ƙafa, yana juyawa.

"Malam Iliya, zo ka gani da idonka."

Malam ya cire hula ya kwanta a kwalin. Sylvanus ya kama hannunsa ya ɗora a kan shasi, ƙashin bayan motar, ya ce ya matsa. Ƙarfen ya ruguje a tafinsa.

"Ohio ka ce, ko? Can in ƙanƙara ta sauka gishiri suke watsa wa titi. Shi yake cin mota ta ƙasa, sama tana ƙyalli. Ni ma da na zo ƙasar nan haka na sayi wata, na duba inji na duba fenti na biya, ina cikin tafiya kujera ta nutse da ni. Mu a gida wa ya taɓa ganin an zuba wa titi gishiri? Na miya ma ya ishe mu?"

"Walda fa?" in ji Malam. "A yanko ƙarfe a ɗora."

"A ɗora a kan me? Walda sai ta samu lafiyayyen wuri ta kama. Nan duk inda na taɓa gari ne. In na ce maka ta gyaru na cuce ka, kuma wata rana a kan titi za ta rabe biyu da kai a ciki."

Malam Iliyasu ya fito, ya zauna a ƙasa, tsatsa a gemunsa. Ya zura wa motar ido. Rakiya ta ji tausayinsa ya kama ta sosai, domin ba ta taɓa ganin fuskarsa ta faɗa haka ba.

Sylvanus ya buɗe bonet, ya sa sifana ya juya injin da hannu, ya saurara, ya sake juyawa. Ya ɗago.

"Amma fa idonka bai yi ƙarya ba a nan. Injin nan da ransa. Akwai wani dattijo kusa da garejina, yana da irinta sak, jiki lafiya lau, ba inji, ba gilasai, kujeru sun mutu. Ya daɗe yana nema. In ya samu taka, kafin baɗi injin nan zai yi kuka a kan titi. Na san shi, zai ba ka ka tuƙa."

Rakiya tana kallon mijinta lokacin da aka faɗi haka. Ta ga idonsa ya kawo haske kamar na yaro.

Ta yi saurin cewa, "To ya ɗauki injin mana, ya bar mana gangar jikin."

"Madam, gilasan da kujerun su ne ma abin da ya fi wahalar samu. In ba duka ba, ba zai saya ba."

Da baƙin suka tafi, Malam yana tsaye jingine da motar, ita tana tattara kofuna. Ya ce, "Burinki ya cika, amma fuskarki ba ta nuna ba. Don kuɓewa ne? Sai in saya miki na'urar busar da kaya, suna nan a kanti."

"Na'ura ba ta hira, Baban Afnan."

Ta ajiye kofunan, ta ci gaba.

"Kai kana fita, kana ganin mutane. Ni in ka ja ƙofar nan da safe, ba na sake jin muryar ɗan Adam sai ka dawo. Motar nan ce ta kawo mini mutane gidan nan. Duk Asabar nan cike yake, ana dariya, ana ce mini Rakiya kawo wuƙa, Rakiya ƙaro sukari. In ta tafi, me za su zo yi? Tsoro nake ji, wallahi. Tsoron shirun nan nake ji."

Malam Iliyasu ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, ya ce, "Shekara nawa muna gida ɗaya ban san wannan ba. To ta zauna. In ce wa Sylvanus na fasa. Ta ruɓe a nan, ku yi ta shanyarku."

Da gaske yake, ta san shi. Ta kuma san abin da ta gani a idonsa ɗazu. In ta ce to, kullum zai wuce ta gaban motar nan ya san injinta na mutuwa a ciki saboda ita.

"A'a," ta ce. "A ba dattijon. Ina so in ji kukan nan da aka ishe ni da labarinsa."

Ranar Talata janwe ya zo. Da aka ja ta, wani yanki na ƙasanta ya zauna a wurin bai bi ta ba. Malam ya raka ta har bakin titi. Rakiya ta leƙa ta taga, ta ga inda motar ta tashi, wani dogon tabo na ƙasa tsirara a tsakiyar ciyawa. Ta aika wa matan saƙo a waya: mota ta tafi, shanya ta ƙare, Allah ya bar zumunci. Aka yi ta turo mata "Allah sarki" da "ayya". Ta kife wayar ta yi kukanta ita kaɗai.

Asabar ta zo, Malam ya so ya zauna, ta ce ya tafi aikinsa. Ba ta dama kunu ba, ba ta jiƙa zoɓo ba, ko ɗankwalin kirki ba ta ɗaura ba. Tana zaune a falo tana kallon bango sai ta ji hon.

Motar Roseline ce. Ba ta tsaya a inuwa inda aka saba ajiyewa ba, ta hau ciyawa ta tsaya a tsakiyar rana. Ta Hajiya Tchima ta biyo ta tsaya a gefenta, sai wata, sai wata. Matan suka firfito, kowace ta buɗe but ta ɗauko faifayi, suka shiga jerawa a gaban gilashi da kan kujerun motocinsu, suna sassauta tagogi.

Rakiya ta fito ba takalmi. "Me kuke yi haka?"

"Shanya," in ji Hajiya Tchima. "Ko an hana ne?"

"A cikin waɗannan? Ai ba za ta yi ba. Waccan ce mai..."

"Ke Maman Afnan," in ji Roseline, "mota mota ce, rana rana ce. Tun watan jiya nake busar da shuwakata a cikin wannan, a wurin ajiye motoci na asibiti, ina ciki ina aiki."

"Ni ma a ƙofar gidana nake yin na tsakiyar mako," in ji Hajiya. "Tawa ma ta fi sauri, baƙa ce."

Rakiya ta tsaya tana kallon su ɗaya bayan ɗaya. "To in kowa na iya yi a gidanta, me ya sa kuke ɗauko wannan doguwar hanya duk Asabar?"

Hajiya Tchima ta kama haɓa. "Ji wata tambaya don Allah. Yarinyar nan ashe ba ta da wayo. Ke muke zuwa wa, kuɓewar banza!"

Hawaye ya zubo wa Rakiya, ta sa gefen zane tana gogewa tana dariya. Roseline ta dafa kafaɗarta ta juya ta wajen ƙofa.

"Kuka kuma daga baya. Ina tabarmi? Kuma kar ki ce mini ba ki dama kunu ba."

"Ban dama ba."

"To shiga ki ɗora ruwa, ga mu nan."